Mutanen Ɗaki Na Bakwai

Sau uku Bello yana mayar da takardar tashin 'yan hayar ƙasan tarin fayil, sau uku Madam Mashael tana zaro ta. Ita ce mai ofishin dillancin gidajen da yake wa aike a unguwar Bani Malik, mace ce da ta fi lallaɓa lasisinta fiye da lafiyarta.

Doka kuwa ta tsananta. Kowace yarjejeniyar haya sai an yi mata rajista da sunan wanda ke zaune a gidan, da iƙama mai rai, wato takardar izinin zama a ƙasar. Masu bincike sun gano cewa Hussaini, wanda ɗaki na bakwai ke ɗauke da sunansa, ya shekara biyu a kabari. Aron sunansa aka yi tun yana raye. Mace ce a ciki da 'ya'ya uku, Umra ta kawo ta, ba ta da ko guntuwar takarda. An ba ofis mako guda, zuwa ranar Alhamis: ko a fitar da su, ko lasisi ya tafi.

"Madam, a mayar da hayar sunana mana, tunda ina da iƙama," in ji Bello.

Ta yi dariya. "Ginin masu iyali ne, ya Bello, kai kuwa iƙamarka gwauro ta ce. Halas, magana ta ƙare. Ka kai, ta sa hannu, ka ɗauko hoto. Yalla, maza."

Bello ya ɗauki takardar ya fita. Shekara goma sha tara yana kai irin wannan takarda, har ana yaba masa da iya lallashi. Lokacin da aka rushe unguwar Karantina, shi ya riƙa gaya wa mutanensa da Hausa mai taushi cewa ba gida sai da takarda. Sun tsine masa, ya shanye, yana cewa ai ba shi ya rubuta dokar ba. Yau wannan magana ɗaci take masa a baki.

Bai duba adireshi ba. A hanya ya tsaya ya sayi burodi mai zafi, don ba ya so ya shiga wa yara hannu rabbana. A matattakala ya tsallake matakin nan da ya fashe ba tare da ya kalli ƙasa ba.

Ƙa'idar ofis ita ce a ƙwanƙwasa, a faɗi sunan kamfani, a miƙa takarda. Ya daɗe tsaye yana jin ƙarar cokali da muryar yarinya tana bitar karatu. Ina za su kwana ranar Alhamis? Bai sani ba. Ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa.

Matar ta buɗe, ta dubi burodin, ta dube shi, ta yi murmushi.

"Yau kuma makullinka ka manta, Baban Hikima?"