Mai Jakar Goyo da Mahaifinsa

An yi wani mai gyaran waya da ya daɗe yana burin ya goya jaka ya zaga ƙasashe, daga Kwatano zuwa Akara, ya haura Dakar, in ƙarfi ya kai ya leƙa har Maroko, a motocin haya, yana kwana inda ya fi sauƙi. Ya kuwa yi wa tafiyar shiri na gaske. Ya sabunta fasfo, ya yi allurar shawara ya karɓi katinta, ya sayi takalmi mai ƙwari ya dinga yawo da shi a gari don ya saba da ƙafarsa. In kasuwa ta yi sanyi sai ya duƙufa kan waya yana kama masauki irin na matafiya, inda ake jera gadaje sama da ƙasa, yana farautar tikiti mai rahusa wanda in an saya ba a mayarwa. Ya san inda zai tsallaka kowace iyaka, ya san garin da zai tsaya ya yi wanki. Abokan sana'arsa sun sha labarin har sun haddace. Abu ɗaya ya yi ta ɗagawa. Mahaifinsa ya tsufa, ido ya tafi, kuma shi ne mai kama hannunsa zuwa masallaci, shi ne mai kai shi asibiti, shi ne mai ɗiga masa magani. Kullum sai ya ce yau zai faɗa masa, yau zai zauna da 'yan'uwansa a tsara wanda zai karɓe shi. In ya shiga ɗaki ya tarar da tsohon yana lalubar buta, sai bakinsa ya yi nauyi, ya bar wa gobe.

Goben nan ba ta zo ba sai safiyar tafiya. Da jaka a bayansa ya tara 'yan'uwa a tsakar gida, yana magana ƙasa-ƙasa kan wanda zai kula da tsohon in ya tafi. Wansa ya ce aikinsa a wani gari yake, da an gaya masa da wuri da ya nemi hutu. Ƙanwarsa ta ce ga jariri a hannu, ga gidan miji da nisa. Murya ta fara tashi, wannan na cewa kai ka ɗauka, wancan na cewa ba zan iya ba, sun manta idon tsoho ne ya tafi, kunnensa na nan garau. Sai suka ji ƙarar sanda a bakin ƙofa.

“Ku daina jifa da ni kamar ƙunshin wanki,” in ji tsohon. “Kai kuma, tun da damina na ji labarin tafiyarka a masallaci, nake ta jira ka faɗa mini da bakinka in sa maka albarka. Je ka, Allah ya kiyaye hanya. Ni ba zan rasa mai ja na ba.”

Da zagi tsohon ya yi, da abin ya zo da sauƙi. Mai gyaran waya ya tsaya, ya kasa ɗaga ido a gaban mutumin da ba ya ma ganinsa. Daga tasha aka yi ta kira, waya na ruri a aljihu har ta gaji ta yi shiru. Ya sauke jakar a hankali ya jingine ta da bango, ya durƙusa ya riƙe ƙafar uban. Tikiti ya bi ruwa, gadajen da ya kama wasu suka kwana a kai, amma bai taɓa ambatar wannan asara ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne, saboda nauyin bakinsa, mahaifinsa ya ji da kunnensa 'ya'yan da ya haifa suna tura shi ga juna, alhali da an zauna tun da wuri cikin natsuwa, da kowa ya ɗauki nasa da daɗin rai.

Shi ya sa magabata suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.