Dodon da Ya Ƙi Mutuwa

Tun da aka ɗaura wa kowa agogon da ke nuna sauran ƙarfin jikinsa, tsofaffin unguwarmu suka koma sa riga mai dogon hannu.

Kullum da la'asar Malam Tanimu da amininsa Alhaji Barau suna wasan Dodo a gindin darbejiya. Tanimu ke ba da labari yana riƙe lissafin ƙarfin Dodo, Barau na jefa ƙwallon dabino a matsayin saran da yake kai wa Dodon.

Yau da Barau ya miƙa hannu, riga ta zame. Tanimu ya ga agogon Barau na nuna saura biyu kacal.

Barau ya ce, "Malam, wata uku ina saran Dodon nan. Jiya ka ce saura biyar."

Tanimu ya kau da kai. "Kuskure na yi, Alhaji. Saura arba'in. Sai ka dawo gobe."