Sandar Sarkin Tebur

Abdulwasiu ya dangwarar da sabuwar sandar sunuka a kan bencin Nwabueze, mai sassaƙa sanduna a Sabon Gari.

"Oga, sanda ka yi min ko muciya? A karkace take! Jiya yaran Kwaciri suka yi min cin kaca, ni da duk Fagge ake kira Sarkin Tebur!"

Sarkin Tebur fa! Tun da tsohuwar sandarsa ta tsage yake yawo da ita a jaka, yana kushe duk wani masassaƙi a garin nan.

Nwabueze ya kwantar da sabuwar a kan gilashi, ya mirgina ta, ta tafi sumul. Ya karɓi tsohuwar ya mirgina, sai ga ta tana ɗingishi kamar gurguwar akuya.

Ashe shekara da shekaru da karkatacciyar sanda gwanin namu yake saiti, har idonsa ya karkace tare da ita.

Abdulwasiu ya leƙa waje, ya dawo ya sassauta murya.

"Oga, don Allah... za ka iya lanƙwasa min sabuwar kaɗan?"