Abin da Ba-Jira Ya Ɓoye wa Mai Wayarin

Ba-Jira dakon ƙwai yake yi. Ku lura da wannan, masu karatu: mutumin da ke ɗauke da ƙwai shi ne ya ga motarsa ba ta gudu.

Motar, a-kori-kura, ta yayarsa ce, mace mai gidan kaji, wadda miji ya mutu ya bar ta da yara da kaji, ba ta san waɗanda suka fi ci ba. Ita ta saya, shi ke ja, gida biyu na ci daga bayanta. Mota ce mai haƙuri, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Laifinta ɗaya, in aka zo hawa, 'yan'uwansa direbobi sukan wuce shi suna ɗaga masa hannu.

Sai aka haɗa shi da wani mai kwamfuta da ke aiki a rumfa bayan gidan mai.

"Kamfani ne ya ɗaure ta," in ji mutumin. "Ƙwaƙwalwar injin kawai zan kwance maka."

Ya jona kwamfutarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya yi 'yan danne-danne. Sannan ya cire murfin dashbod, ya ƙara wani ɗan akwati, ya fere wata waya ya murɗa tasa a kai, ya naɗe da salatif. Motar ta fita kamar an tsikare ta. Ba-Jira ya wuce kowa a hawa, kuma bai gaya wa yayarsa komai ba.

Ba a daɗe ba fitilar gargaɗi ta kama. Ya liƙa mata takarda don kada ta dame shi. Fitilun gaba suka fara lumshewa in ya taka totur. Daga nan fiyus ya soma ƙonewa, injin ya mutu masa a tsakiyar titi.

Yayar ce da kanta ta sa shi gaba zuwa wurin mai wayarin, mai gyaran wutar mota, wanda ke duba motar tun ranar da aka saye ta. Dattijon ya gwada batir, lafiya lau. Ya gwada altaneta, tana caji. Ya kankare kawunan batirin, ya bi wayar da ke ɗaure da jikin mota, bai ga komai ba. Ya ɗaga ƙonannen fiyus ɗin ya duba a rana.

"Fiyus ba ya ƙonewa don nishaɗi," ya ce. "Direba, wani ya taɓa ƙwaƙwalwarta? Ko an ƙara wata waya?"

Ba-Jira ya saci kallon yayarsa, tana zaune a benci da jaka a cinya.

"Haba Baba, wa zai taɓa ta in ba kai ba?"

"Wannan ko madubi ba ya bari a taɓa," in ji yayar. "Matarsa ma kishi take da ita."

Aka yi dariya, ban da mai wayarin.

"To ku bar ta ta kwana. Gobe in buɗe dashbod in bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya."

"Yaya, gobe akwai lodi," Ba-Jira ya ce da sauri. "Ƙwai ba ya jiran bakanike. A sa sabon fiyus, ƙarshen mako na kawo ta."

Lodi bai dame shi ba. Murfin nan ne ba ya so a cire a gaban wadda ta sayi motar. Ƙarshen mako ya zo ya wuce, bai kai ta ba. Ya nemi mai kwamfutar, ya tarar da mai sayar da taya a rumfar. Ya sa fiyus da ya fi girma, shi ma ya ƙone. Sai ya yi dabarar da kowace tasha ke da gwaninta: ya tura guntun waya a gurbin fiyus. Waya ba ta ƙonewa, haka ya gaya wa kansa. Gaskiya ne, ba ita ke fara ƙonewa ba.

Wata safiya, da kiret-kiret na ƙwai har sama, ya ji warin roba. Hayaƙi ya ɓullo ta ramukan iska. Ya faka, ya buɗe bonet, ya kama kan batir zai fizge, ba shi da sifana. Ya koma ciki ya cusa hannu biyu a ƙarƙashin dashbod yana neman wayar da shi kaɗai ya san inda take. Ya same ta. Robar ta narke ta manne masa a tafin hannu.

Kafin masu shaguna su kawo yashi, wuta ta cinye gaban motar.

A asibiti yayar ce ke ba shi abinci a baki. Mai wayarin ya riga ya nuna mata ɗan akwatin da ya tono daga cikin toka. Likita ya ce yatsun za su warke, amma ba za su ƙara naɗewa a kan sitiyari ba.

"Da ka gaya wa mai wayarin gaskiya, me zan yi maka?" ta ce, tana hura cokali. "Masifa ce ta yini ɗaya. Buɗe bakin."

Ya buɗe. A wannan watan ta sayar da rabin kajin.

Masu karatu, in kun sa an taɓa mota, ku gaya wa mai gyara abin da aka taɓa, ko da wanda kuke jin kunya na tsaye a wurin. Fiyus kuma in ya ƙone, dalilinsa ake nema. Wanda ya toshe gurbinsa da waya bai gyara komai ba, ya dai zaɓi abin da zai ƙone a madadinsa.