Huji Shida a Ƙasan Mota

Zauna tukuna, Malam, kafin ka hau rushe duk abin da ka tarar a wurin nan don kawai idonka bai ga amfaninsa ba. Bari in ba ka misalin wani makaniki.

Ubansa direba ne. Shekara talatin yana jigilar mutanen ƙauyensu zuwa ƙetaren kogi da wata motar daji mai rufaffen baya, irin wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da tsohon, ta tafi da hannunsa na dama da harshensa, motar ma sai ta kwanta a gindin durumi, har kaji suka mayar da kujerunta akurki. Ɗan ya ci alwashin tayar da ita, kuma gwani ne, wannan ba a raina masa. Ya sauke inji ya yi masa garambawul, ya ƙara wa jikin motar tsayi taƙi guda, ya sa mata manyan tayoyi masu kaushi, ya ja bututun shaƙar iska har saman rufi don kada ruwa ya shiga inji. Da ya zo kan ƙarfen ƙasa, inda ake taka ƙafa, sai ya tarar da huji shida, kowanne kamar bakin kofin shayi, biyu a gaba huɗu a baya. Ya ce tsatsa ce da sakacin mutanen da. Ya yi walda ya toshe su tas, ya shimfiɗa jar darduma, ya liƙa sabuwar roba a bakin ƙofofi. Tsohon yana kan kujera a inuwa yana kallo. Ya yi ta nuna ƙasan motar da hannun hagu, yana gurnani, yana girgiza kai har da hawaye. Ɗan ya ce, "Na gani, Baba, ai ga shi ina rufewa. Kwantar da hankalinka." Da ya tsuguna ya duba, da ya ga bakin kowane huji a zagaye yake sumul, tsatsa kuwa ba ta cin ƙarfe da tsari haka. Bai tsuguna ba, hankalinsa na kan fenti.

Wata Talata cikin Agusta, da hantsi, numfashin tsohon ya sarƙe. Asibiti yana ƙetare, gada kuma tafiyar rabin yini ce, sai dai mashigin da aka saba bi. Kogi ya kawo, ruwan ja jawur yana tafe da karmami da itace. Mutanen da ke bakin gaɓa suka ce ya dakata ruwa ya janye. Ya ce ubansa ya ratsa wanda ya fi wannan tun motar tana durƙushe, balle yanzu da ya ɗaga ta. Ya zaunar da tsohon a gaba, ya sa ƙaramar giya, ya yi bisimilla ya shiga. Ruwa ya shanye tayoyi, ya haura fitila, ya zo rabin ƙofa. Ko ɗigo bai shigo ciki ba, har zuciyarsa ta fara yaba masa aikinsa. A tsakiyar kogi sai ya ji sitiyari ya saki, yana juyawa sakayau a hannunsa. Inji na ruri, tayoyi na wulwulawa, babu yashi a ƙarƙashinsu. Motar da ya toshe ko'ina ta tashi kan ruwa kamar ƙwarya. Bayanta ya karkata, ruwa ya ɗauke ta yana gangarawa da ita wajen gurbi mai zurfi inda duwatsu suke. Ya taka birki, to me birki zai kama? A gaɓa an ɗauki salati. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san ba zai iya iyo da mutumin da rabin jikinsa ba ya motsi ba.

Sai ya ga tsohon ya miƙo hannun hagu ta kan ƙirjinsa yana laluben marikin ƙofa. Ya damƙe hannun ya ce, "Baba, za ka kashe mu!" Tsohon ya fizge, ya zuba masa ido, ya buga ƙafarsa mai lafiya a kan dardumar nan, daidai inda huji yake a da. Ya sake bugawa. Nan ne abin ya faɗo wa makanikin. Ya saki sitiyari, ya tokare ƙofa da ƙafa biyu da iyakar ƙarfinsa har ta buɗe. Ruwa ya kwararo ya cika ciki har ƙugunsu. Motar ta yi nauyi, ta nutsa a hankali, sai ga ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya. Saura 'yan taku su kai gurbin. Da jan ciki ta fita gaɓa, ruwa na zuba ta ƙofa, darduma ta bi kogi.

Tsohon ya kai asibiti da ransa, ya kwana tara aka sallame shi. Ranar da suka dawo gida ɗan ya ɗauko abin huda ƙarfe ya tsuguna gaban ubansa, ya tambayi abin da ya kamata ya tambaya tun farko: huji nawa motar ke buƙata? Tsohon ya ɗaga yatsu biyar, ya dunƙule, ya ɗaga ɗaya. Shi ne da hannunsa ya huda su shekarun baya, don ruwa ya shigo ya danne motar a ƙasa, in an haye kuma ya tsiyaye.

To ka ji, Malam. Ya ɗaga mota taƙi guda yana ganin ya fi ubansa hango kogi. Ai Hausawa sun riga sun faɗa: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.