Keken Ragwaye

Tela ya juye buhun a bakin shagon gyaran keke, kayan suka zube: feda, sarƙa, birki, tsohon sirdi da ƙararrawar da ta daina ƙara. Tarkacen da ya yi shekaru yana tarawa a ƙarƙashin gado ke nan, matarsa tana mita yana toshe kunne. Yau sayar da su zai yi, ya haɗa da kekensa, ya cika ya sayi mai batir.

Mai shagon, wanda kowa ke kira Ƙafar Ƙarfe, bai ko sunkuya ba. Da ɗan yatsan ƙafa ya riƙa juya kayan, kamar mai duba mushe.

Tare suka tashi, kuma gidajensu duka a saman tudu suke, shagunansu a ƙasa. Tudun kuwa ba na wasa ba ne, tsofaffin motoci ma sai sun yi tari kafin su kai ƙarshensa. Amma kullum da yamma Ƙafar Ƙarfe yakan haye shi a zaune daram a kan sirdi, furfura fal kansa, rediyon da ya ɗaure a ƙahon keke yana kururuwa. Ko kurɓar ruwan baƙar gorar da ke maƙale a jikin keken ba ya yi. Mutane sukan nuna wa 'ya'yansu shi. Keken nan ba ya ba da aronsa, ba ya barin ko ƙuda ya sauka a kansa.

Shi ne ya raɗa wa mai batir suna keken ragwaye, ya rantse ba zai taɓa shiga shagonsa ba. Tela ma ya sha yin dariyar samarin da ke wucewa a kan irin keken, ƙato da shi, ƙafa a sake, wai inji ke tura shi kamar jariri a goye. Wannan dariyar ce yanzu ta tsaya masa a wuya.

Murya ƙasa-ƙasa Tela ya yi bayani. Likita ya ce zuciyarsa ta gaji, in ya ci gaba da taka feda a tudun nan, wata rana a hanya za a tsince shi. Shawara yake nema, wanne ne zai iya hawa.

Ƙafar Ƙarfe ya yi tsaki mai tsawo. Ya ce in dai sai ya zubar da mutuncinsa, to kada ya ɗauki mai inji a taya, wannan na shimfiɗaɗɗiyar hanya ne. Ya nemi wanda injinsa ke wajen feda. Ya sauke giya tun kafin kwanar makaranta, don a nan inji ke ɗaukar zafi, kuma kada ya bari batir ya mutu murus kafin ya sa caji. Ya jero su tiryan-tiryan yana yatsine fuska, Tela yana gyaɗa kai.

Sai ya ɗaga murya yadda masu zaman benci za su ji.

"In ka saya, abokina, ka haɗa da zani. Ka ba matarka wandon."

Benci ya ɗauki dariya, har wani mai wanki da ke cikinsu ya sauko ƙasa yana riƙe ciki. Tela ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Ya tsince kayansa ɗaya bayan ɗaya ya mayar cikin buhu, ya ɗaure a bayan keke. Ya raina kansa da ya zo, ya raina likitan, ya raina duk wani rago mai neman sauƙi. Abin da sa'ansa ke yi kullum, shi ma zai yi.

Da yamma Ƙafar Ƙarfe ya rufe shago, ya ƙure rediyo, ya wuce shi fuu ko waiwaye babu. Tela ya bi bayansa yana cije leɓe.

A kwanar makaranta ƙirjinsa ya fara matsewa. Bai sauka ba, don akwai mata a bakin famfo suna kallo. Gaba kaɗan hannunsa na hagu ya yi nauyi, hanya ta riƙa rabuwa biyu a idonsa. Ya tuna ƙaramar 'yarsa da ke jiran ya kawo mata rigar makaranta da ya ɗinka, tsoro ya kama shi sosai. Duk da haka ya ci gaba da takawa, sai a ƙofar gidan Ƙafar Ƙarfe ya kife, buhu ya fashe, feda da ƙararrawa suka gangara.

Matar gidan ce ta fito da salati. Maigidan yana wanka, don haka ta ja Tela zuwa ɗaki mafi kusa, ɗakin ajiye keken da ba a taɓa barin baƙo ya leƙa ba. Ta jingina shi da bango, ta ruga kiran mai mota.

Maƙogwaronsa ya bushe ƙamas. A kan teburin da ke gefensa ya hango baƙar gorar nan da duk unguwa ta sani, ya miƙa hannu ya jawo ta.

Gorar ta yi nauyi, ga ɗumi, ba ta da marfi, kuma wata waya ta biyo gindinta har cikin soket ɗin bango, inda 'yar jar fitilar cajin batir ke ƙyaftawa.