Jar Fitila

"Malama, muna sauraronki," in ji shugaban kwamitin tantance ɗalibai, karo na biyu.

Ita da ta yi furfura tana karanta labarai a gidan rediyo, yau ta zo neman gurbin digiri na biyu a fannin sadarwa, harshe ya ɗaure. Tun daga ƙofar jami'ar ta raina kanta, don ɗakin karatunsu kaɗai ya kusa haɗiye unguwarsu. Ga malamai uku sun zuba mata ido. A wurin aiki kuwa ba mai kallonta. Daga ita sai makirufo, sai jar fitilar da ba ta furta ko kalma sai ta kama. Ta tsinci kanta tana laluben fitilar a bango.

Malamar da ke gefe ta duba agogo. "In ba ki shirya ba, akwai baɗi."

Shugaban ya bi idonta zuwa bangon, ya yi murmushi. Ya ɗaga yatsu uku, ya naɗe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗaga jan biro sama.

"Jama'a, barkanmu da warhaka." Muryar ta fito da kanta, ta cika ɗakin.

Mai agogo ta dafe ƙirji. "Ikon Allah, ke ce? Da muryar nan mahaifiyata ke sanin lokacin shan magani ya yi!"

"Ci gaba, 'yar'uwa," in ji shugaban. "Mu ne da laifi. Ai ba a kallon rediyo."

Su ukun suka lumshe ido.